Cikin Wa Za A Leƙa Kafin A Samu Magani?

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya a ƙasashen nan da muke baƙunta, akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a aji ba, in ma an yi ta sai a ƙarshen zango, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Duk maganin da likita zai rubuta maka yau, da duk na'urar da zai zura maka ta baki ko ta dubura domin ya ga abin da ke damunka, an riga an gwada su a jikin wani kafin kai. To, wane ne wannan mutumin? Ya san abin da ake yi masa? Da ya so ya ce a'a, zai iya?

Na zaɓi in yi tsokacin nan a kan cututtukan ciki da hanji ne, domin tarihin wannan fanni ya fito da tambayar fili ƙwarai. Ciki wuri ne rufaffe. Fata ana ganin ta da ido, zuciya ana jin bugunta da kunne, amma abin da ke samun tuwo bayan an haɗiye shi, shekaru aru-aru likitoci sai dai hasashe. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Kafin a kai ga ganin kuwa, sai da aka sami wanda zai buɗe baki ya haɗiyi ƙarfe.

A 1868, a garin Freiburg na ƙasar Jamus, wani likita mai suna Adolf Kussmaul ya nemo wani ɗan wasa da ke cin abinci da haɗiyar takobi, irin dai 'yan taurin nan namu, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47 har tumbi. Bututun ya shiga, amma hasken fitilar bai isa ba, bai ga abin kirki ba. Sai a 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan a Amurka, ya haɗa na'urar leƙen ciki mai lanƙwasuwa, wadda ke kai haske da hoto ta cikin siraran zaruruwan gilashi. (Wanda ya warware masa matsalar zaruruwan, Larry Curtiss, ɗalibi ne da bai ma gama digirin farko ba. Na faɗi wannan ne saboda masu ganin sai sun zama farfesa za su taɓuka wani abu.) Da na'urar ta haɗu, Hirschowitz shi ya fara haɗiyar ta, sa'an nan bayan 'yan kwanaki ya zura wa maras lafiya. Tun daga nan hanyoyin biyu suka bayyana: ko ka nemo wani ka gwada a kansa, ko ka fara da kanka.

Bari mu koma baya kaɗan mu ga hanya ta farko a tsiraicinta. A ranar 6 ga Yuni 1822, a tsibirin Mackinac da ke arewacin Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure a shagon wani kamfanin cinikin fatu, ta sami wani matashi ɗan Kanada mai jin Faransanci, Alexis St. Martin, a gefen hagu. Ta karya haƙarƙari, ta huda tumbi. Likitan sojan da ke tsibirin, William Beaumont, ya yi iya ƙoƙarinsa, yana ganin yaron ba zai kai labari ba. Sai ga shi ya rayu. Sai dai ramin bai rufe ba: bakin tumbin ya manne da fata, ya zama wata 'yar taga da ake iya hango cikin mutum mai rai ta cikinta. Da hukumar yankin ta gaji da ɗaukar nauyinsa, Beaumont ya kai shi gidansa ya ci gaba da jinyar sa. Wannan alheri ne, babu mai musu.

Amma daga 1825 alherin ya sauya kama. Beaumont ya riƙa ɗaure 'yan yankan nama da burodi da kabeji a zaren siliki, ya zura ta ramin, ya zaro bayan awa ɗaya ko biyu ya duba yadda suka narke. Ya zura ma'aunin zafi. Ya tsiyayi ruwan tumbin ya zuba a kwalba, ya ga yana narkar da nama ko a waje, ya kuma lura cewa in St. Martin ya fusata narkewar abinci na sauyawa. Dalilin fusata kuwa bai yi masa ƙaranci ba, domin in ba a kwance yake ana zura masa zare ba, to yana faskare da sauran aikin gidan likitan. Gwaje-gwaje 238 Beaumont ya tattara a littafin da ya buga a 1833, kuma har yau ana kiran sa uban ilmin narkewar abinci a Amurka.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi: an nemi yardar St. Martin, har a rubuce. A 1832 suka ƙulla yarjejeniya cewa zai miƙa kansa ga gwajin likitan na shekara guda, a biya shi dala 150, da ci da wurin kwana. Mutumin da bai iya karatu ba ne, ga iyali, ga rami a ciki. Bayan haka Beaumont ya sa aka ɗauke shi soja da muƙamin saje, wato in ya gudu ya zama sojan da ya tsere. Duk da haka daga baya ya koma Kanada, Beaumont ya yi ta aike da lallashi da ƙarin kuɗi har ya mutu a 1853, bai sake ganin sa ba. St. Martin ya rayu har 1880. Da ya rasu, shahararren likita William Osler ya nemi a ba shi tumbin domin a ajiye a gidan tarihin likitancin soja. Iyalan suka bar gawar kwana huɗu cikin zafi har ta fara lalacewa, suka haƙa kabari mai zurfi, suka binne shi ba tare da wata alama ba. Wannan ita ce amsar da iyalin suka ba ilmin likitanci, kuma ban ga wanda zai ce ba su fahimci abin da aka yi wa mahaifinsu ba.

Yanzu ga hanya ta biyu, wadda ake ba mu labarinta a matsayin jarumtaka.

Har zuwa farkon shekarun 1980, abin da ake koyarwa a makarantun likitanci shi ne gyambon ciki, wato olsa, yawan ruwan asid ne ke kawo shi, tare da damuwa da irin cimar mutum. An kuma ɗauka cewa babu ƙwayar cutar da za ta iya zama a cikin asid na tumbi. Magungunan rage asid irin su Tagamet da Zantac suna warkar da gyambon, amma da an daina sha sai ya dawo, a koma kanti a sake saye. Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a yi masa tiyata a yanke wani sashe na tumbin ko jijiyarsa.

A 1979 wani likitan binciken tsoka a asibitin Royal Perth na Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu ƙwayoyin bakteriya masu lanƙwasa a 'yan tsokokin da ake yankowa daga tumbin marasa lafiya da na'urar leƙen ciki, kuma duk inda ya gan su sai ya ga kumburi. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a faranti, abin ya ƙi, domin ma'aikatan ɗakin gwajin kan zubar da farantan bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu farantai suka kwana biyar, sai ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma gare ta. A cikin mutum 100 da suka leƙa cikinsu a wannan shekarar, duk mutum 13 da ke da gyambo a farkon ƙaramin hanji an same su da ita. Dabararta ta zama cikin asid kuwa ita ce, tana shigewa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, tana kuma fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya, ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Ita ce aka raɗa wa suna Helicobacter pylori a 1989.

Manyan fannin ba su yarda ba, kuma a gaskiya suna da hujja. Ganin kura kusa da mushe bai tabbatar da cewa ita ta kashe ba. Mai yiwuwa gyambon ne ya fara, ƙwayar ta zo ta tarar. Sai an ɗauki mai lafiya an sa masa ƙwayar, an ga ya kamu. Marshall ya gwada a aladu, ba su kamu ba. Wannan matsala tsohuwa ce: Ibn Sina a littafinsa na Alƙanun, wajen shekara dubu da ta wuce, ya sa cikin sharuɗɗan gwada magani cewa dole a gwada shi a jikin ɗan'adam, domin abin da ya faru a jikin dabba ba lallai ya faru a jikin mutum ba.

A 1984, yana ɗan shekara 32, yana aiki a asibitin Fremantle, Marshall ya sa aka leƙa cikinsa aka tabbatar lafiyayye ne. Sa'an nan ya ɗauki ƙwayar da aka raino daga tumbin wani maras lafiya, ya dama ta a romo, ya shanye. Bai nemi iznin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ba, bai kuma gaya wa matarsa ba. Cikin mako guda ya fara tashin zuciya da amai da asuba, bakinsa ya riƙa wari. A rana ta goma aka sake leƙawa, aka ga tumbin ya kumbura, ga ƙwayar nan jingim. A rana ta goma sha huɗu ya fara shan magani, bayan matar ta ji labari ta kuma nuna masa ba wasa take yi ba. Ya buga sakamakon a 1985. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta amince cewa a riƙa ba masu olsa da ke ɗauke da ƙwayar maganin kashe ta, a shekarar kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙwayar cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi. A 2005 aka ba Marshall da Warren lambar Nobel.

To, abin da ya yi daidai ne? Mu da muka tashi da fahimtar cewa jiki amana ne a hannun mai shi, ba za mu amsa da cewa ai jikinsa ne, ya yi yadda ya ga dama ba. Duk da haka ni ban ɗauki abin da ya yi a matsayin jefa kai ga halaka ba. Ya zaɓi ƙwayar da ya riga ya san maganin da ke kashe ta, ya tanadi maganin, ya sa abokan aiki suna duba shi. Haɗari ne da aka auna, irin wanda mai shiga rijiya ya ceto wani ke ɗauka bayan ya ɗaura igiya a ƙugu. Hatta ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda aka rubuta bayan shari'ar likitocin Nazi, sun hana gwajin da ake tsoron zai kai ga mutuwa ko naƙasa, amma suka bar 'yar kafa ga gwajin da likitan da kansa yake cikin waɗanda ake yi wa. Inda nake ganin laifinsa shi ne ɓoye wa matarsa. Ƙwayar nan a cikin gida take yaɗuwa, yana da 'ya'ya huɗu ƙanana, saboda haka cikin da ya jefa a haɗari ba nasa kaɗai ba ne. Kuma sa'a ta taimake shi. Wani likita a Niyu Zilan, Arthur Morris, ya maimaita irin wannan shan, ƙwayar ta zauna masa kusan shekaru uku kafin a raba shi da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ba ɗalibai labarin, kamar dai jarumtakar ce ta tabbatar da gaskiyar. A 1892, a birnin Munich, wani babban masanin tsafta, Max von Pettenkofer, tsoho mai shekara fiye da saba'in, ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar kwalara a ciki domin ya nuna cewa ƙwayar ita kaɗai ba ta kawo cutar. Ya yi ɗan gudawa ya warke, ya ce ai kun gani. Ƙarfin halinsa bai gaza na Marshall ba, amma ƙwayar ita ke kawo kwalara, kuma duk garin da ya bi ra'ayinsa ya ƙyale ruwan shansa, ya binne mutane. Shi kansa Marshall kumburin tumbi ya samu, bai kai ga gyambo ba, kuma mutum ɗaya ba ya zama hujja. Abin da ya juya ra'ayin likitoci shi ne irin gwajin da ya buga a mujallar Lancet a 1988, a kan mutum 100 masu gyambo da aka raba da ƙuri'a, wasu aka ba su maganin kashe ƙwayar, wasu ba a ba su ba. Waɗanda ƙwayar ta mutu a cikinsu, kashi 21 cikin ɗari ne gyambon ya dawo musu cikin shekara. Waɗanda ta rage a cikinsu, kashi 84. Wato ko bayan likita ya shanye romonsa, sai an dawo ga cikin wasu. Hanya ta biyu ba ta raba mu da ta farko ba.

Wani zai ce, to a daina gwaji mana, likita ya yi aiki da abin da ya sani. A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin akwai wani bincike da ya sa dole a sake tunani.

Akwai mutanen da ake cire wa matsarmama saboda duwatsu, amma ciwon ciki bai bar su ba. Shekaru da dama likitoci sun ɗauka cewa laifin wata 'yar tsoka ce mai kama da zobe, wadda ke tsare ƙofar da ruwan madaci da na fankiriyas ke bi su zuba a hanji. Sai a sa mutum barci, a zura na'urar leƙen ciki ta baki har wurin, a tsaga tsokar. Aikin na da haɗari, domin yakan jawo kumburin fankiriyas, ciwon da kan kwantar da mutum a asibiti, wani lokaci ya kashe. Amma marasa lafiya da yawa sukan dawo su ce sun ji sauƙi, likitoci suka ci gaba.

Wani likita mai suna Peter Cotton, wanda shi kansa gwani ne a irin wannan aikin, ya jagoranci bincike a asibitoci bakwai na Amurka, aka buga a mujallar JAMA a 2014. Mutum 214 aka raba da ƙuri'a. Duka aka sa su barci, duka aka zura musu na'urar, amma 141 aka tsaga musu tsokar, 73 kuwa aka zaro na'urar ba a tsaga ba. Da suka farka babu wanda ya san ɓangaren da ya faɗa, kuma tun farko an gaya musu haka za a yi, sun yarda. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka tsaga wa kashi 23 cikin ɗari ne suka sami sauƙin da ake nema. Cikin waɗanda aka yi wa aikin bogi, kashi 37. Kumburin fankiriyas kuwa ya sami fiye da mutum ɗaya cikin goma, har da waɗanda ba a tsaga wa komai ba.

Ka duba nauyin wannan. Likita ya sa mutum barci, ya jefa shi a haɗarin ciwo mai tsanani, alhali ya san ba zai yi masa aikin da ake kira magani ba. In aka tsaya a nan, abin ya yi kama da cin amana. Amma ka juya shi. Dubban mutanen da aka tsaga wa tsoka kafin 2014, su ma gwaji aka yi a kansu, sai dai babu wanda ya gaya musu, babu wanda ya ƙirga sakamakon, kuma har kuɗi suka biya. Ni a wurina mutum 73 ɗin nan an fi girmama su, domin an faɗa musu gaskiya cewa ba a san ko aikin na da amfani ba, aka bar musu zaɓi. Hujjar ƙuri'a ke nan: tana halatta ne kawai in masana sun rabu biyu da gaske, ba a san wanne ya fi ba. In likita ya san wanne ya fi, ya kuma jefa ƙuri'a a kan maras lafiya, wannan wani abu ne daban.

Saura batun yarda, wadda kowa ke fakewa da ita. Sa hannu a takarda ba shi da wuya, St. Martin ma ya sa. A makarantar Willowbrook ta yara masu taɓin ƙwaƙwalwa a New York, daga 1956 har zuwa farkon shekarun 1970, an riƙa sa wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan domin a nazarci cutar, kuma daga nan aka bambance nau'o'inta biyu da yanzu ake kira A da B. Iyaye sun sa hannu. Amma akwai lokacin da makarantar ta cika, babu gurbi sai a sashen binciken. Uwar da ba ta da inda za ta kai ɗanta, in ta ce to, me ta zaɓa? Wannan bai yi nisa da mu ba kamar yadda muke zato. A allunan sanarwa na jami'o'in Ingila da Amurka akan ga talla ana neman masu lafiya su zo a gwada sabon magani a biya su. Ɗalibin da kuɗin tallafinsa ya yi wata shida bai iso daga gida ba, ga mai gidan haya na ƙwanƙwasa ƙofa, ba daidai yake karanta wannan talla da ɗan garin da iyayensa ke bayan layi ba. Ban ce haramun ne a shiga ba. Na ce mutum ya tambayi kansa, da babu bashin nan, zai yarda?

Mu kuma da za mu koma gida, wata rana mu ne za mu riƙe na'urar. Binciken kuwa dole ne a yi shi a can. A 1992 wani nazari da aka yi a arewa maso gabashin Najeriya, wanda likita Holcombe da abokan aikinsa na Maiduguri suka buga, ya sami alamar Helicobacter a jinin kimanin kashi 85 cikin ɗari na mutanen da aka auna. Ga shi kuma Flagyl, ɗaya daga cikin magungunan da ake haɗawa a kashe ta, an sha shi a ƙasashenmu kamar gyaɗa, duk wanda cikinsa ya murɗa sai ya saya a kyamis, har ƙwayar ta saba da shi a jikin mutane da yawa. Haɗin da ya yi aiki a Perth ba lallai ya yi a Gusau ko Damagaram ba, sai an gwada a cikin mutanenmu. Amma za mu je mu tarar da jama'ar da ba ta manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo rikicin allurar shan-inna a 2003, wannan na cikin abin da mutane suka riƙa tunawa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka biya kuɗin rashin yardar.

Akwai kuma wani tarko a cikin harshenmu kansa, wanda ban taɓa jin an tattauna shi a taronmu ba. Kalmar “gwaji” aiki biyu take yi a asibiti. In likita ya ce wa dattijo, “Baba, za mu yi maka gwaji,” abin da dattijon zai ji shi ne za a ɗebi jini ko fitsari a gano ciwonsa, abin da ya saba ke nan. Da wannan kalmar dai za mu fassara takardar neman yarda ta bincike, inda ma'anar ita ce shi za a gwada wani abu a kansa. “Bincike” ma haka: “za mu bincika cikinka” magana ce ta kulawa a kunnen maras lafiya. Ƙara da cewa a al'adarmu ba a musu da likita, kamar yadda ba a musu da malam. Dattijon zai ce, “Duk yadda ka gani, likita,” ya dangwala yatsa. Takardar ta cika, kwamiti ya gamsu, mutumin kuwa ya tafi gida yana zaton magani aka zaɓar masa saboda ciwonsa, alhali ƙuri'a ce ta zaɓa.

Saboda haka in ranar ta zo, fassara takardar Turanci kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Sai an zauna an ce masa: Baba, magunguna biyu ne, mu kanmu ba mu san wanda ya fi ba, shi ya sa muke son mu gwada a jikin mutane, kai ma in ka yarda. Ba ni zan zaɓar maka ba, ƙuri'a za a yi. Za mu zura maka na'urar nan sau biyu, na biyun don amfanin bincikenmu ne, ciwonka bai bukace shi ba. In ka ƙi, zan ci gaba da duba ka kamar kullum, maganinka ba zai ragu ba. Sa'an nan a ba shi kwana biyu ya je ya yi shawara da 'ya'yansa, in ya dawo a ce ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Wasu za su ƙi, wataƙila da yawa, binciken da aka tsara gamawa cikin shekara ɗaya ya kai biyu, mai ba da kuɗin daga Landan ko Boston ya fara aiko da wasiƙu yana tambayar abin da ya tsayar da aiki.